Kundin Kwamfuta Shaida Ne: Lacca Ga Jama'ar Kasuwar Kilomita Biyar



A wannan unguwa tamu, inda wutar da ake janyowa daga Boali takan zo ta ɗauke, 'yan'uwa da dama sun ga hikimar mai da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka uwar garke, ta riƙe lissafin shago ko takardun makaranta dare da rana, saboda batirinta yakan tsaya mata idan wuta ta yanke. Dabara ce mai kyau, ina kuma goyon bayanta. Sai dai watarana akan wayi gari a tarar da ma'ajiyarta ta cika fal, alhali ba wanda ya zuba mata kome, aiki ya tsaya cik, masu saye suna tsaye a bakin kanti.

Ku sani, rahimakumullahu, tsarin Linux da ke kan irin wannan kwamfuta yakan rubuta da yawa daga cikin abubuwan da suke aukuwa a cikinsa a kundi, kamar yadda ɗan kasuwa mai tsoron Allah yake rubuta shiga da fita. Usulin wannan kuwa syslog ne, wanda Eric Allman ya ƙirƙiro a Amurka cikin shekarun 1980, inda ake kasa saƙonni daraja takwas, daga 0 mafi hatsari zuwa 7. Kundin zamani, journald, yana da haddi, domin bisa asali ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na ma'ajiya, kuma ba ya haura gigabait 4. Amma a na'urori da yawa rsyslog yana sake rubuta saƙonnin nan a /var/log/syslog da kern.log, su kuwa ba mai rage su sai logrotate, wanda bisa al'ada sau ɗaya yake zagayowa a yini, ta yadda illar da ake nanatawa ba ƙaƙƙautawa za ta cika faifai tun kafin ya iso.

A nan ne nake da ja da samarinmu masu gyaran na'ura. Mafi yawansu da sun ga haka sai su goge kundin nan take, su karɓi ladan aiki, jibi kuma a sake kiransu. Wannan ba gyara ba ne, ɓarnatar da hujja ce, domin abin da aka goge shaida ce da za ta nuna sababi. Wajibi ne a karanta tukuna. A buga journalctl -f, a zauna a zuba ido, za a ga layi guda yana ta sauka, kalmominsa ba su sauya ba sai daƙiƙarsa. Sau da yawa "PCIe Bus Error" ne daga katin Wi-Fi, wanda uwar garke mai waya a jikinta ba ta ma bukatarsa, sai a kashe shi. Wani lokaci ƙorafin zafi ne, a kwance bayanta a iske jar ƙurar rani ta dunƙule a fanka kamar auduga. Wani lokaci kuwa bakin caja ne ya saki, na'ura tana rubuta zuwan wuta da tafiyarta.

Bayan an kau da illa, sannan a rage tsohon kundi, a sa wa kundin journald iyaka da SystemMaxUse a cikin journald.conf.

Saboda haka, alhazai shugabannin kasuwa, ina roƙonku, duk mai gyaran da kuka kira kada ku bar shi ya goge kome sai ya nuna muku layin da ya cika faifan, ya kuma faɗa muku dalilinsa.