Idan 'Yar Ƙungiya Ta Daina Zuwa Zubi

 

Yau ba lissafin akwati na zo yi muku ba, labarin kaina zan ba ku.

Bayan haihuwata ta huɗu, an yi suna lafiya, na gama wankan jego, sai na rasa gane kaina. Dare ya raba idona biyu. Abinci ba ya min daɗi. Yaro na kuka, ina kallonsa kamar ba ni na haife shi ba, sai in koma ɗaki in yi ta hawaye ban san dalili ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Wata ma cewa ta yi ƙiwuya ce kawai.

Mako uku ban je zubi ba. A dokarmu tara ce ta hau kaina. Amma ma'ajiyarmu ta ce a dakata, a fara sanin abin da ya hana ni. Ta zo ta zauna kan tabarma, ta ce, "Ƙanwata, me ke damunki?" Ba ta ce min yi haƙuri ta tashi ba. Ta saurara har na gama.

Shugabarmu ta samu maigidana da surukata cikin ladabi, suka amince. Aka ciri kuɗin mota daga asusun taimako, aka raka ni asibiti. A can na ji cewa ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. To ku ƙirga mu nawa ne a nan.

Magani bai yi aiki rana ɗaya ba, sai da aka yi makonni. A lokacin 'yan ƙungiya suka raba aiki: wannan ta ɗebo ruwa, waccan ta kai niƙa, wata ta goya yaron in samu barci. Addu'a ba mu bari ba, magani ma ban daina ba sai da izinin likita. Da na ji ƙarfi suka ba ni ƙaramin rance na koma tuyar ƙosai.

Ga roƙona. Duk wadda ta rasa zama biyu a jere, a tura mata mutum biyu kafin a yi zancen tara. Idan baƙin ciki, rashin barci da ƙin cin abinci suka wuce mako biyu, a kai ta wurin ma'aikacin lafiya. Idan kuwa ta fara zancen kashe kanta ko cutar da jariri, ko tana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, a ranar za a tafi asibiti. Kada a bar ta ita kaɗai, a ɗauke maganin ƙwari da wuƙa daga kusa. Ba duka, ba ɗauri, ba kulle ta a ɗaki.

Sannan sirrinta amana ne. Abin da ta faɗa kada ya kai bakin rijiya, domin tsoron a ce mata mahaukaciya shi ke sa mace ta yi shiru.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kafin mu buɗe akwati yau, kowa ta duba gefenta: wa ce ce ba ta zo ba?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.