Igama Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar wa 'yan uwa matasa a zaman karatu na mako-mako, a kan kuɗin da ake biyan dillalan biza da igamar ƙasar Saudiyya.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon tsira (S), Malam ya ce abin da ya sa ya ɗauko wannan batu shi ne yawan samarin da ke zuwa neman addu'a saboda an ce musu biza ta kusa fitowa. In ka tambayi yaro ina ya sami kuɗin, sai ya ce gonar gado aka sayar, ko babur ɗin da yake acaɓa da shi, ko sarƙar mahaifiyarsa. In ka ce masa kuɗin mene ne ka biya, sai ya yi shiru, domin dillali jimla ɗaya ya yanka masa ya ce ta komai da komai ce.

Malam ya ce kada wani ya ɗauka biyan mai taimako laifi ne. Lokacin Hijira, Manzon Allah (S) da Sayyadi Abubakar sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ haya ya nuna musu hanyar Madina, alhali a sannan bai musulunta ba. Sun ɗauke shi don ya san hanya kuma sun amince da shi, suka ba shi raƙumansu biyu, suka yi alkawarin haɗuwa a kogon Sauru bayan kwana uku. Aiki sananne, lokaci sananne, mutum amintacce. Haka malaman fiƙihu suka shardanta a babin ijara: a san aikin, a san ladan. Cinikin da mai saye bai san abin da zai samu ba shi ne garari, kuma an hana shi.

Daga nan sai ya ce kuɗin tafiya kashi uku ne, kowa ya koyi rarrabe su. Na farko kuɗin hukuma, kamar na fasfo da gwajin asibiti, waɗanda suke da ƙayyadajjen farashi da rasit. Na biyu ladan wanda ya cike maka takardu ya bi maka layi, wannan haƙƙinsa ne in an yi ciniki a fili. Na uku shi ne wanda ake kira kuɗin biza ko kuɗin igama, kuma a nan ne ake cin dukiyar talakawa.

Ya bayyana cewa sashe na 40 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci, da na igamarsa, da na lasisin aikinsa, da sabunta su, da tikitin komawarsa gida bayan ƙarewar yarjejeniya, duk a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. "To in kamfani na gaske ne yake buƙatarka," in ji Malam, "don me za ka sayar da gonar ubanka ka biya abin da doka ta ce shi zai biya?"

Da ya juya kan abin da dillalai ke kira firi biza, Malam ya ce babu biza mai wannan suna a dokar ƙasar. Abin da ake yi shi ne wani ɗan ƙasa ya fitar da biza da sunan shagonsa, ya sayar wa dillali, dillali ya sayar maka. Ka isa can babu aiki, ya ce je ka nema da kanka, ka riƙa kawo masa wani abu. Alhali sashe na 39 na dokar ya hana ma'aikaci yin aiki a wurin wanda ba shi ya ɗauko shi ba. Ke nan tun ranar da ka fara aiki kai mai laifi ne, da kuɗinka.

Sannan ya ce a yi lissafi. A shekarar 2018 harajin da ake biya a kan kowane ma'aikaci baƙo a kamfani ya koma riyal 300 zuwa 400 a wata, ya kai 700 zuwa 800 a 2020. Riyal 800 sau goma sha biyu, 9,600 ke nan. Ka haɗa da riyal 650 na igama, ka haura 10,000 tun ba a zo inshorar lafiya ba. Da yake dala ɗaya riyal 3.75 ce, wannan ya haura dala 2,700 a shekara, kowa ya juya ta zuwa naira ko sefa ya gani. Mai kamfani na gaske shi ke biya. Wanda ya sayar maka da biza kuwa kai zai ɗora wa, kowace shekara. Ranar da ka gaza, sai igama ta mutu, ko ya kai rahoton cewa ka gudu daga aiki, abin da ake kira hurub. Daga nan sai ɓuya, har ranar da za a kai ka gidan tarhil na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, a dawo da kai da kayan jikinka.

Malam ya ja kunnen masu jin an ce su shiga da bizar Umara, a can za a juya musu ita ta zama igama. Ya ce bizar Umara ta ibada ce, ba ta halatta aiki ba. Ya tunatar da su abin da ya faru a 2013, lokacin da wa'adin afuwa ya ƙare a watan Nuwamba aka shiga kame, aka yi ta jigilar mutane zuwa ƙasashensu, aka kuma sake buɗe irin wannan kamfe a 2017. Ya ƙara da cewa ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ɗaura harami da niyyar da shi kansa ya san ba ita ce a zuciyarsa ba.

Ya ce gaskiya ne a watan Maris na 2021 an sassauta tsarin kafili, aka ba ma'aikatan kamfanoni damar canja wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da izinin mai gida ba. Amma wannan sassauci bai haɗa da ma'aikatan gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma su ne ayyukan da aka fi kai mutanenmu. Don haka a duba sana'ar da aka rubuta a biza tun kafin a ba da ko sisi.

A kan abin yi, Malam ya ce duk wanda zai nemi taimakon dillali ya tambaye shi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago. Ya nemi ganin takardar yarjejeniya mai sunan mai aiki da albashi da tsawon lokaci, ya kai wa wanda ya iya Larabci ya karanta masa. Ya sa a rubuta kowane kuɗi daban, da shaidu biyu, da abin da za a mayar in biza ba ta fito ba. Ya tunatar cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka wanda ya ce maka "haba ɗan uwa, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce masa umurni kake bi. Ya ce ladan dillali a biya shi kashi-kashi, mafi yawansa bayan aiki ya tabbata. Wanda kuma aka yaudari ƙanwarsa ko matarsa da sunan aikin gida, ya kai ƙara hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane.

A ƙarshe ya yi wa dillalan da kansu nasiha, ya ce wasunsu a sahu ɗaya ake salla da su. Su sani kuɗin da suka karɓa a kan takardar da suka san ba ta da aiki a bayanta, gonar marayu ce da sarƙar tsohuwa, kuma za a tambaye su. Ya roƙi Allah Ya buɗa wa matasa hanyar halal a gida da waje, Ya dawo da waɗanda ke tsare cikin iyalansu lafiya. Aka shafa.