Sana'ar Masu Ilmin Duwatsu da Ma'adinai

Yau zan yi muku bayani a kan wata sana'a wadda ba a cika ambatonta ba in ana tambayar yaro abin da ya ke so ya zama, watau sana'ar malaman da ke nazarin duwatsu da ma'adinan da Allah ya ɓoye a cikinsu.

Kowa ya sani tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai na narka kuza. Sun san rafin da za su wanke yashinsa su samu, amma abin da ya sa ta ke a wannan tudu, babu ita a wancan, ba su bincika ba. Wannan tambaya ita ce tushen sana'ar. Daga 1904 zuwa 1909 Dokta Falconer, mutumin Sikotilan, ya zaga ƙasashen Arewa yana duba duwatsu, a 1911 kuwa ya buga littafi a kan abin da ya gani. Shi ne ya raba duwatsun nan da a ke kira giranit gida biyu, yayye da ƙanne, aka gane cewa kuza tana bin ƙannen ne, irin na Jos da na Ririwai. Da aka kafa Ma'aikatar Binciken Duwatsu ta Nijeriya a 1919, shi aka ba shugabancinta. Waɗanda suka biyo baya suka auna shekarun duwatsun, suka ga jeri guda ne tun daga Azbin, ya bi ta Damagaram har Nasarawa, na arewa sun fi tsufa, na kudu sun fi ƙuruciya.

To, ta wace hanya mutum ke kai ga wannan matsayi? Hanyar doguwa ce, ba na ɓoye muku. Bayan sakandare sai ya yi shekara 4 a jami'a, sa'an nan digiri na biyu, sa'an nan na dokta. Wani ɓangare na karatun a daji a ke yinsa. Ɗalibi zai saɓi guduma da jaka, ya yini yana hawan duwatsu, yana ɓantaro guntaye, yana rubuta inda ya ɗauko kowanne a taswira. In ya komo sai a yanka dutsen a goge shi har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita, yadda haske zai ratsa shi a duba da madubin ƙara girma. Ragowar a niƙa ta, a kai ɗakin gwaji a auna sinadaran da ke ciki. Abin da ya gano dole ya rubuta, 'yan'uwansa masana su tsefe shi kafin a buga. Da yawan irin waɗannan rubuce-rubuce da nagartarsu a ke ɗaukaka malami daga mataki zuwa mataki har ya zama farfesa, galibi furfura ta riga ta fito.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala, tun da kasuwar kuza ta faɗi a 1985? Bari mu dubi Zamfara. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har sama da 400. Likitoci suka gano gubar dalma ce. Dutsen da a ke haƙowa don zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuwa kawo shi cikin gida a daka, a niƙa, ƙurar ta baje tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baka. Likita ya san ciwon, amma masu auna sinadaran dutse ne suka bayyana dalilin tsananinsa. Cikin binciken da masanan Amurka suka buga a 2013 sun nuna cewa asalin dalmar a cikin tozali ta ke, amma ruwa da iska sun daɗe suna cin dutsen, har suka juya ta ta zama wani iri mai saurin narkewa a cikin ciki. Da an auna wannan dutse kafin a kai shi turmi, da an san abin da ke cikinsa. A ganina abin takaici ne a ce sai da aka ɗauki ƙasar Zamfara aka haye teku da ita kafin a sami wannan bayani.

Saboda haka, iyaye da malamai, in kun ga yaro mai son tsintar duwatsu yana tambaya, kada ku kwaɓe shi. Ku sa ya dage da lissafi da ilmin sinadarai da Turanci, gama da su a ke karɓarsa. Ana koyar da wannan ilmi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Jos, da ta Maiduguri, 'ya'ya mata ma ana ɗaukarsu.