Daga Ɗaki Zuwa Bakin Titi: Yadda Muke Ɗaukar Mara Lafiyar da Ba Ya Iya Zama

Laccar da aka gabatar a gaban jama'ar unguwa a Darmanawa, ƙaramar hukumar Tarauni, Kano

 

Iyayen ƙasa masu unguwanni, malamanmu limamai, ma'aikatan lafiya da suka saci jiki daga aiki suka zo, iyayenmu mata, da samarin da suka shimfiɗa mana tabarmi, sannunku da zuwa, Allah Ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan jigilar marasa lafiya, ni kuwa na roƙi a bar ni in ware mutum ɗaya daga cikinsu. Wanda mota ta kaɗe yanzun nan da mai naƙuda suna da masu yi musu magana. Nawa mutumin yana kwance a ɗaki wata uku ko shekara guda, hankalinsa garau, yana cin tuwonsa, yana da kati da ranar ganin likita, sai dai ba ya iya zama. Da ka zaunar da shi zai zube, ko azaba ta sa shi salati, ko numfashi ya gagare shi. Tsohuwar da ta zame a banɗaki ƙashin ƙugunta ya karye tana ciki. Haka magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye, da saurayin da ya faɗo daga gini lakarsa ta taɓu, da wanda doguwar kwanciya ta yi wa gyambo a mazaunai. Duk wanda ke zaune a nan ya san gida ɗaya ko biyu da ke da irin wannan bawan Allah.

Mu mutanen Darmanawa da Gyadi-Gyadi maƙwabtan Asibitin Malam Aminu Kano ne. An kafa shi a 1988, a 2002 aka fara dashen ƙoda a cikinsa, kuma daga Jigawa, Katsina, Bauchi, Yobe, har daga Jamhuriyar Nijar ake nufo shi. Wanda ke nesa yana ganin mun huta. Mai ƙafa ya huta, gaskiya ne. Amma wanda ke kwance, tafiyar da yaro zai yi a minti goma sha biyar ita ce ke hana gidansu barci tun ana saura kwana biyu. In kuma takardarsa ta Asibitin Ƙashi na Dala ce ko Asibitin Murtala, sai an ratsa gari da shi.

Bari in ba ku labarin abin da hannuna ya aikata. Gwaggona, yayar mahaifina, ta karye a ƙugu. Aka yi mata abin da za a yi a wani asibiti, aka sallamo mu, aka ce mu komo a sake hoto. Da ranar ta zo, mu huɗu muka sa ta a bargo, kowa ya kama kusurwa. Bargo ba ya tsayawa miƙe, tsakiyarsa lotsawa yake yi, kuma daidai wurin lotsawar nan karayar take. Soron gidan yana da kwana irin na gidajenmu, wanda aka yi don kada na waje ya hango cikin gida, sai da muka karkata ta kafin ta wuce. Lungun ba ya cin mota, ga kwata a tsakiya, muka dinga tsallakawa da ita. A bakin titi tasi ke jiranmu, kujerar bayan tasi kuwa ba ta kai tsawon baligi ba, dole muka lanƙwasa mata ƙafa don ƙofa ta rufu. Ba ta yi ihu ba, sunan Allah kawai take kira. Da muka dawo da yamma ta kira ni ta ce, “Ɗan nan, in don ni ne, kada a ƙara.” Ba a ƙara ba. Ba ta sake komawa wurin likita ba, ba ta kuma sake taka ƙasa ba har Allah Ya karɓi abinsa. Kuɗin magani muna da shi, ƙaunarta muna yi. Abin da ba mu sani ba shi ne yadda ake ɗaukar mutum.

Tun daga ranar na gane cewa mafi wuyar tafiyar ba ta kan kwalta ba ce. Tana tsakanin katifa da ƙofar mota. Kuma a asibiti, in aka ga mara lafiya bai zo ranarsa ba, sai a ɗauka sakaci ne ko ya koma wurin maɗori, alhali sau da yawa hanya ce ya ji tsoro.

To, da me muke ɗaukarsu yanzu? Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, a-daidaita-sahu ce motar talaka. Kun sha ganin an kwantar da mutum a kan cinyoyin 'yan uwansa, ƙafafunsa na reto a waje, ana ratsa cunkoson titin Zariya. Wasu su cire kujerar motar Sharon su jefa katifa, wasu su ɗauki kurkura, rana na dukan mara lafiya. Ba na zargin kowa, don abin da hannu ya kai gare shi ke nan. Amma katifar da ba a ɗaure ba, da an taka birki tafiya take yi da wanda ke kanta.

Wani zai ce, ai akwai motar asibiti, akwai lambar 112, gwamnatin tarayya ma ta fara tsarin motocin gaggawa da ake kira NEMSAS a 2022. Haka ne, kuma alheri ne. Sai dai waɗannan na gaggawa ne. Motar da ke jiran kiran haɗari bai kamata ta yini a ƙofar sashen gashin ƙashi tana jiran mutum ya gama ba. Shi ya sa ƙasashen da suka daɗe a harkar suka raba aikin gida biyu. A Ingila hukumar lafiyarsu tana da sashe na daban don kai marasa lafiya ganin likita da mai da su gida, tafiya fiye da miliyan 11 a shekara, kuma da suka sake duba tsarin a 2021 sun ba masu wankin ƙoda tabbacin taimakon sufuri. Dalilin a fili yake. Mai wanki sau uku a mako zai zauna a kan inji sau 156 a shekara, zuwa da dawowa 312 ke nan. Yawancinsu suna iya zama, amma ku ƙiyasta gidan da nasu ba ya iyawa.

Ba na cewa mu zama Ingila. Abin da nake so mu lura da shi shi ne wannan tafiya sananniya ce. An rubuta ranarta a kati tun makonni kafin ta zo. Abin da aka san ranarsa kuwa ana iya shirya masa, kuma mu Kanawa mun riga mun iya irin wannan shiri. Ku dubi jana'iza. In aka yi rasuwa da asuba, kafin hantsi an san inda makara take, an san mai motar, an san masu haƙa, an san masu wanka maza ko mata, ba a tambayi gidan mamaci ko sisi ba kafin a fara. Babu ofis, babu takarda. Unguwar da ta iya ɗaukar mamacinta cikin mutunci haka, me ya hana ta ɗaukar mai rai? Na san amsar da ke zukatanku: ba wanda zai yarda motar gawa ta tsaya a ƙofar gidansa uwarsa na numfashi, maƙwabta ma sai su fara shigowa gaisuwa. Ina tare da ku, ni ma ba motar nake nema ba. Tsarin nake so mu ara, wato a san wurin ajiye kayan, a san mutanen da za a kira, a san wanda ke riƙe da waya.

An ma taɓa gwada makamancinsa kusa da mu. A Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara an koya wa direbobin ƙungiyar NURTW yadda za su ɗauki mace mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibiti da motocinsu na haya. Ba a sayo sababbin motoci ba, direbobin tasha aka ba ilmi da girma.

Yanzu bari in daɗe a kan shirin kansa, don nan ne ake cutar da mutum ba da niyya ba.

Shirin yana farawa ne tun ranar sallama, kafin ku bar gadon asibiti. Ku tambayi likita ko nas: yaya za a kwantar da shi a hanya? Kada ku ɗauka kowane kwance iri ɗaya ne. Mai raunin laka ana son shi a miƙe sambal a kan abu mai tauri, kuma in za a juya shi, mutum huɗu ne aƙalla, ɗaya ya riƙe kai yana ba da umarni, a juya kai da kafaɗa da ƙugu lokaci guda kamar gungume. Mai ciwon zuciyar da ruwa ya taru masa a huhu kuwa, in ka shimfiɗe shi sarai ka shaƙe shi, sai an ɗaga masa kai da ƙirji. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye haɗiya na ba shi wuya, a gefe ake kwantar da shi don kada amai ko yawu ya bi hanyar numfashi, kada kuma a ɗura masa kunu ana shirin fita. Hannun da ya shanye ba a jan mutum da shi, kafaɗar tana iya gocewa. Ku kuma tambaya: dole ne ya zo da kansa, ko ɗansa zai iya kawo sakamakon gwaji? Za a iya haɗa masa hoto da ganin likita da gashi a rana ɗaya? Tambayar nan kaɗai tana iya rage tafiya uku ta koma ɗaya. Ina roƙon 'yan uwana ma'aikatan lafiya da ke nan, in kun ga an shigo da mutum a bargo, ku fara duba shi, ku kuma yi wannan bayanin ko ba a tambaye ku ba.

Sai a zo kan mota. Ko ta asibiti mai zaman kansa za ku ɗauka ko ta haya, ku je ku gan ta da idonku. Rubutu da jiniya ba su ne motar mara lafiya ba. Gadon ɗaukar mutum ya kusa mita 2, shin yana shiga a rufe ƙofa? Yana da wurin kafewa a ƙasan motar? Yana da ɗamarar da za a ɗaure ƙirji da ƙugu da ƙafa? Direba shi kaɗai zai zo ko da mai taya ɗauka? Ku gaya masa gaskiyar nauyin mara lafiya da faɗin lungunku. Ku gama ciniki a kan zuwa da jira da dawowa gaba ɗaya, don an sha barin iyali a harabar asibiti bayan la'asar suna neman abin da zai mai da su gida. In mara lafiya yana kan iskar oksijin, a lissafa ta har da cunkoson shataletalen Dangi da zaman layi, a ƙara da rara. Jakar robar fitsari a zubar kafin a fita, a rataye ta ƙasa da mara, kada a ɗora ta a kan cikinsa. A fita da sassafe, musamman a watan Afrilu da zafin Kano ke haura 40. Direba ya tafi a hankali, babu abin da ake tsere wa. A layi kuma kada a manta da juya shi duk bayan awa biyu, domin gyambon kwanciya ba ya jiran a dawo gida.

Akwai abin da maza kan manta. Da yawa daga cikin masu kwanciyar nan iyayenmu mata ne, kuma tsohuwa za ta gwammace ciwo da a ce ƙattin unguwa sun ɗauke ta zane na zamewa. A koya wa mata ɗauka, su fito da ita daga ɗaki zuwa soro a lulluɓe, maharramanta su karɓa daga nan, mace ɗaya ta zauna kusa da ita a mota.

Maganar kuɗi ba zan ja ta ba, kowa ya san yadda haya ta koma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Jihar nan tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Wakilanmu su je su tambaye su ina gurbin wanda ba ya iya zama a cikin lissafinsu. Masu hali kuma da ke neman sadaka mai gudana, mota guda mai gado da man da za ta sha wakafi ne kamar rijiya.

Amma kada mu jira mota. Ranku ya daɗe, ga abin da nake roƙo a wurin masu unguwanni: kowa ya ƙirga mana gidajen da ke da mara lafiya a kwance, ba tare da an yayata sunan kowa ba, a rubuta ranakun da suke komawa asibiti. Kowane masallacin Juma'a ya sayi gadon ɗauka mai naɗewa guda ɗaya da allon kwantar da mai raunin baya guda ɗaya, a ajiye su a ɗakin da ba na makara ba, da ruwan wanke su bayan kowane aiki. Kowace unguwa ta ba mu samari shida da mata huɗu, ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi da ke zaune a cikinmu su koya musu ɗauka, da kwanan soro da tsallaken kwata duka, a cikin lungu na gaske. Direbobin da motarsu ke cin gado su ba da lambarsu. Takarda tana wurin samarin da ke bakin ƙofa, wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya rubuta sunansa kafin ya sa takalmi.