Wuyan Hannu da Aman Bayan Tiyatar Ƙwaƙwalwa



Duk wanda ya taɓa kwana a kan marar lafiyar da aka buɗe wa ƙoƙon kai ya san yadda gaba ke faɗuwa idan ya fara yunƙurin amai. Ga wanda aka yi wa aikin ƙaba, amai wahala ce kawai. A nan kuwa kowane yunƙuri yana ɗaga hawan jini da matsin da ke cikin kai, jijiyar da aka tsayar da jininta ɗazu tana iya sake ɓallewa. Wanda bai gama farfaɗowa ba kuma, aman na iya sarƙe shi ya gangara huhu.

Kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suna fama da tashin zuciya ko amai. A 1999 Christian Apfel ya fitar da abubuwa 4 da ke ƙara haɗarin: zama mace, rashin shan taba, yawan amai a mota ko bayan wata tiyata a baya, da magungunan kashe zafi dangin mofin. Wadda ta haɗa dukkansu, haɗarinta ya kusa kashi 80. Aikin ƙeya ya fi muni, domin cibiyar da ke tayar da amai tana nan maƙwabtaka da inda wuƙa ke aiki.

Muna da ondansetron da dexamethasone, kuma suna aiki. Amma wasu magungunan, irin su promethazine, suna sa gyangyaɗi, alhali mu so muke marar lafiya ya buɗe ido, ya faɗi sunansa, ya damƙe mana yatsa. Idan ya yi nauyi, magani ne ko jini ne ke taruwa a kansa? Wannan ruɗani shi ya sa nake son mu dubi wuyan hannu.

Ku miƙo tafin hannunku sama, ku aza yatsu 3 daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu. Tsakanin agara biyu da kuke ji akwai gurbin da Sinawa ke kira Neiguan, likitoci kuma P6. Jijiyar midiyan ce kwance a ƙarƙashinsa. John Dundee ya gwada shi a Belfast tun shekarun 1980, kuma bitar Cochrane ta 2015, wadda ta tattara gwaje-gwaje 59, ta nuna motsa shi na rage tashin zuciya da amai. A yau ba sai an soka allura ba: faifai biyu ake mannawa a fata, a saki ɗan lantarkin da bai wuce tsikari ba. Gwaje-gwaje a Sin kan waɗanda aka buɗe wa ƙoƙon kai sun nuna raguwar amai. A Suwidin kuwa an gwada ɗaurin hannu mai dannawa kawai, ba lantarki, bai yi tasiri ba. Don haka ni lantarkin nake goyon baya, tare da magani, ba a madadinsa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne na'urar tana ɗakin tiyata tun tuni. A 2007 masu bincike a Bern sun ɗauki na'urar da likitan sa barci ke auna sakin tsoka da ita, suka matsar da faifanta kan wannan gurbi, tashin zuciya ya ragu. Mata ne da aka yi wa aikin ciki, ba na kai ba, amma dabarar ta dace da asibitocinmu, inda dangi ne ke sayen kusan kowace allura. A dai kiyaye da mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji.

Gare ku masu jinya: idan amai ya taso sabo bayan marar lafiya ya natsu, ga ciwon kai mai ƙaruwa, ga nauyin barci, ko ƙwayar ido ɗaya ta buɗe, kada ku tsaya gyara faifai. Ku kira likitan tiyata nan take, a kai shi hoton kai.