SU A BAZARA: KA KAMA NA YAU, KA BAR NA GOBE

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon ga waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Yau bakin ruwa za mu je. Matasan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ku matso kusa, maganar taku ce.

Kogin Kano yana gangarowa daga kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako. Daga watan Maris zuwa Mayu kogin yana janyewa, dam ɗin ma yana raguwa saboda zafi da ruwan da ake saki wa manoman rani na Kadawa da Kura. To kifin ina za shi? Sai ya taru a gurabe masu zurfi. Shi ya sa bazara ta fi kowane lokaci sauƙin kamu, idan ka san abin da kake yi.

Na farko, lokaci. Ruwan da ya ɗau zafi ba ya riƙe iska sosai, don haka da rana tsaka kifi yana lafewa a ƙasa, ba ya cin komai. Ka fita bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar zuwa magariba. Wanda ya zauna da fatsa ƙarfe ɗaya na rana, wallahi kansa kawai yake gasawa.

Na biyu, wuri. Ka nemi inda kogi ya yi kwana, ko gindin dutse, ko inuwar bishiyar da ta faɗa ruwa. Kuma ruwan bazara garau yake, kifi yana ganinka. Kada inuwarka ta faɗa kan ruwan, ka rage hayaniya, ka sa siririn zare.

Na uku, kowane kifi da halinsa. Karfasa bakinta ƙarami ne: ƙaramar ƙugiya, guntun tana ko dunƙulen tuwo da dusa, ka ɗaura guntun tsohon silifa ya riƙa yawo a sama ya nuna maka in ta taɓa. Tarwaɗa da ƙurungu kuwa 'yan ƙasa ne, da gashin baki suke laluben abinci. Ka sa dalma ta kai ƙugiyar ƙasa, da tana ko hanjin kaza, da yamma liƙis. Ka yi hattara da ƙayar ƙurungu, sukarta akwai zogi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Makon jiya na bi kawuna, tsohon masunci, wani gurbi da yake zuwa tun yana saurayi. Muka tarar da ƙananan kifaye birjik a saman ruwa, ciki sama. Wani ya zuba maganin ƙwari da dare, ya kwashe manyan, ya bar sauran suna ruɓewa. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce min, “Ɗana, wannan ba su ba ne, kisa ne.” A ruwan nan ake shayar da shanu fa, a nan yara ke wanka, kuma kifin nan kasuwa aka kai shi, wani ya saya wa iyalinsa.

Haka masu jan gidan sauro a ruwa. An raba shi don kare yara daga zazzaɓi, mun mayar da shi koma, yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba.

Ku gane wani abu. Tarwaɗa tana jiran ruwan farko ne ta hau cikin ciyawa ta zuba ƙwai, don haka mai ƙaton cikin da ka kama a ƙarshen bazara dubban kifin baɗi ne a hannunka. Karfasa kuma a bakinta take renon ƙwanta. In ka buɗe ka ga ƙwai, mayar da ita. Wanda bai kai tafin hannu ba, shi ma mayar da shi.

Na san akwai talauci, ban zo in yi wa kowa gori ba. Amma mai guba kwana ɗaya yake ci, ya bar gari da yunwar shekara. In kun ga ana yi, ku sanar da Sarkin Ruwa ko mai unguwa.

Sai lafiyarku. Kada ka je kai kaɗai. In hadari ya haɗu ta wajen Doguwa, fita daga cikin kogi, don ruwa yana iya sauko maka ko ɗigo bai sauka a kanka ba. In ka ga jini a fitsari bayan shiga ruwa, je asibiti, alamar tsargiya ce kuma tana da magani.

Ku gaya mana a ƙasa: wane kifi ne kuka daina gani a garinku? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.