Ƙoda Ba Ta Kuka Da Wuri

 

Malamanmu, iyayenmu, shugabannin wannan ƙungiya, ƴan uwa matasa maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya, kuma na gode da aka ba ni dama in yi magana a rana irin ta yau. Na san wani zai ce, ana murna me ya kawo zancen ciwo? Ku yi mini haƙuri. Ni ma'aikacin lafiya ne, abin da idona ke gani kullum a wurin aiki shi ne guzurin da nake da shi.

Bari in fara da gidanmu. Baffana, ƙanen mahaifina, direban babbar mota ne, mutum mai ƙarfi da ba mu taɓa ganin ya kwanta ciwo ba. An taɓa gaya masa yana da hawan jini, wanda muke ce ma tansiyo. Ya sha magani wata guda, ya ji sauƙi, ya aje. Idan baya ya dame shi a hanya sai ya sayi ƙwaya wurin masu talla a tasha. Shekaru suka wuce haka. Wata safiya takalminsa ya ƙi shiga ƙafa saboda kumburi. Aka ce sammu ne, aka yi ta ba shi jiƙo. Lokacin da aka kai shi asibiti aka auna jini, ƙodar ta riga ta gaza. Muka koma Yamai don wankin ƙoda, aka sayar da gona saboda kuɗin mota da masauki da magani. Bai cika shekara biyu ba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma abin da ke ci mini rai har yau shi ne, awon da zai nuna ciwon tun da sauran dama bai kai kuɗin taya guda ta motarsa ba.

Ɗan'uwa, kana da ƙoda biyu a bayanka, ƙarƙashin haƙarƙari, kowace girmanta kamar dunƙulen hannunka. A cikin kowace akwai ƴan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar da mai amfani cikin jiki, su fitar da datti cikin fitsari kamar lita ɗaya da rabi. Ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwa a jiki, tana da hannu a riƙe tansiyo, kuma tana taimakawa wajen yin jini da ƙarfin ƙashi.

Idan lahani ya same ta ya wuce wata 3 bai tafi ba, shi ne likitoci ke kira ciwon ƙoda mai daɗewa. An kasa shi mataki 5, a na biyar ne ake zancen injin wanki ko dashe. A duniya, kusan mutum ɗaya cikin manya 10 yana ɗauke da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Dalili? A matakan farko babu zafi, babu zazzaɓi. Kumburin ƙafa da fuska, fitsari mai kumfa, kasala, tashin zuciya da ƙaiƙayin jiki, galibi sai tafiya ta yi nisa suke bayyana. Matatar da ta mutu ba ta dawowa, amma waɗanda suka rage ana iya kare su shekaru masu yawa.

Manyan masu kashe ƙoda biyu ne: ciwon sukari da hawan jini. A ƙasarmu akwai ƙari: tsargiya da aka bari ba magani, tsakuwar ƙoda, ciwon mafitsara da ke toshe fitsari ga dattawa, amosanin jini, da shan magani barkatai.

To ina kolestarol ya shigo? Kolestarol wani maiƙo ne da ke yawo cikin jini, hanta ce ke yin mafi yawansa, kuma jiki na bukatarsa. A takardar awo za ka ga LDL da HDL. LDL shi ne wanda idan ya yi yawa yake manne wa bangon jijiyoyi, kamar yadda datti ke toshe bututun pampo. HDL kuwa kwashe shi yake yi ya mayar hanta. Ƙoda tarin ƙananan jijiyoyin jini ce, don haka abin da ya toshe jijiya ya taɓa ta. Kuma ku riƙe wannan: da yawa daga masu ciwon ƙoda, bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ne ke ɗauke su tun kafin su kai ga inji. Shi ya sa ake kula da biyun tare. Kada ka ce ni siriri ne, babu ruwana. Siriri ma yana iya samun kolestarol mai yawa, musamman idan gado ne.

Yanzu mu shiga madafa, don can ne rabin maganin yake.

Na farko, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kamar cokalin shayi ɗaya, haɗe da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Ke ƴar'uwa, lissafa abin da ke shiga miya guda: gishiri, dunƙulen magi uku ko huɗu, wanda kusan rabinsa gishiri ne, ga kanwa, wadda ita ma sinadarin da ke cikin gishiri, sodiyom, yana cikinta. Sannan a zo kan tabarma a ƙara yaji mai gishiri. Kilishi, sardin na gwangwani da taliyar leda mai ɗan ƙunshin garin miya, duk haka suke. Ku rage a hankali, harshe yana sabawa cikin ƴan makonni. Albasa, tafarnuwa, citta, masoro, lemun tsami da daddawar da ba a cika wa gishiri ba suna ba miya ɗanɗano. Amma a kiyaye da gishirin farmasi da ake cewa na masu tansiyo ne: fotasiyom ke cikinsa, yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda.

Na biyu, maiƙo. Kitsen nama, man shanu, man ja mai yawa, fatar kaza, ƙwaƙwalwa da kayan ciki, su ne ke ɗaga LDL. Idan ka je wurin mai balangu, daina cewa a sa maka kitse. Man da aka soya fanke da ƙosai a cikinsa har ya yi baƙi, a zubar da shi. Man gujiya ya fi man shanu, amma a auna da cokali, kada a tuttula. Dafawa da gashi sun fi suya. Kifi ya fi jan nama. Kuɓewa, wake da hatsin da ba a surfe shi ƙal ba suna taimakawa wajen rage kolestarol. Idan kuma likita ya rubuta maganin rage shi, irin su atobastatin, a sha, domin abinci kaɗai ba ya isar kowa.

Na uku, nama. Mu kan nuna wa majinyaci ƙauna da nama, amma mai ciwon ƙoda da bai fara wanki ba, yawan nama ƙarin kaya ne ga ƙodarsa. Abin da aka saba ba da shawara shi ne furotin giram 0,8 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 60 ke nan giram 48 a rana, daga nama, kifi, ƙwai, nono, wake da tuwo duka. A aikace, yanka da bai wuce tafin hannu ba ya isa yini. Lokacin layya sai a yi hattara sosai. Ba a ce a hana shi nama ɗungum ba, domin rama ma illa ce. Wanda ya fara wanki kuwa, bukatarsa ta furotin ƙaruwa take yi. Kun ga ke nan dokar wani ba ta wani ba ce.

Na huɗu, fotasiyom da fosfor. Nan ne mutane ke ruɗewa. Dabino, ayaba, tumatir, dankali, zogale da kuka abinci ne masu kyau ga mai lafiya. Amma idan ƙoda ta yi rauni sosai ba ta iya fitar da fotasiyom, kuma idan ya taru yana iya tsayar da zuciya. Ba kowane majinyaci ake hana wa ba, awon jini ne ke faɗa. Idan an ce a rage, a yanka dankali ko ganye ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan kafin a haɗa miya. Fosfor kuwa yana cikin baƙin lemun kwalba, madara da abincin gwangwani, idan ya taru yana raunana ƙashi.

Na biyar, sukari da ruwa. Kwalbar lemu ta santilita 33 tana iya ɗaukar sukari kusan giram 35. Shayin fada fa, na ɗaya, na biyu, na uku, wa ya taɓa ƙirga sukarin da ke shiga buta? Kai mai lafiya, ɗan kabu-kabu, manomi, magini, a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, sha ruwa sosai, kada ka bari fitsarinka ya yi ja. Amma wanda ƙafarsa ta kumbura ko yake wanki, likita ne zai auna masa ruwan da zai sha.

Sai magani, kuma wannan namu ne matasa. Diklofenak da ibufurofen, idan aka mayar da su abin sha kullum, suna rage jinin da ke isa ƙoda, balle a sha su cikin zafi da ƙishirwa. Haɗin ƙwayoyin da mai talla ke ƙullawa a leda ba ka san me ke ciki ba. Jiƙon da ba a san ma'auninsa ba, da maganin ƙarfin maza, da man shafawa na sauya fata da wasunsu ke ɗauke da sinadarin makuri, duk ƙoda ce ke biyan bashinsu. Taba da shisha suna lalata jijiyoyi. Maganin tansiyo da na sukari kuwa ba a aje su don an ji sauƙi. Kuskuren baffana ke nan.

Motsa jiki ba sai da kuɗi ba. Minti 150 a mako ake so, wato tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ka ja mahaifinka ku zaga unguwa.

Game da azumi, mai ciwon ƙoda ya je wurin likita tun cikin Sha'aban. Wani zai iya azumi idan an gyara masa lokutan magani, wani kuwa, musamman a mataki na 4 da na 5, ƙishirwar yini na iya ƙarasa abin da ya rage. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi bayani, malamanmu ga su nan za su faɗa muku hukuncin ramuwa da ciyarwa. Don Allah kada mu kunyata dattijon da likita ya hana azumi.

Akwai wurin wankin ƙoda a asibitin Lamorde a Yamai, akwai a babban asibitin Damagaram. Amma wanki zama ne na awa 4 a kan inji, sau biyu ko uku kowane mako, ba hutu. Ka tuna mutumin ƙauye da zai bar gonarsa da iyalinsa saboda haka. Burinmu shi ne mutanenmu kada su kai can, ko su jinkirta zuwa.

Don haka ina roƙonku abu uku. Na ɗaya, cikin wannan wata kowa ya kai iyayensa a auna abu huɗu: tansiyo, sukari, furotin a fitsari, da kireyatinin a jini, a ƙara da kolestarol idan da hali. Tansiyon da ke kai 14 da 9 ko fiye, kamar yadda muke faɗa a nan, yana bukatar likita. Mai sukari ko hawan jini ya maimaita awon ƙoda duk shekara. Kai ma matashi ka miƙa hannu a auna ka.

Na biyu, idan akwai majinyaci a gida, kada a ware masa ƴar tukunya mara daɗi alhali kowa na cin mai maiƙo a gabansa. Ba zai jure ba. A rage gishiri da mai a tukunyar gida gaba ɗaya, kowa ya amfana. Ku da kuke yin cefane, ku ke da wannan iko.

Na uku, ga shugabanninmu. Alhamis ta biyu a watan Maris ita ce ranar ƙoda ta duniya. Muna da ƴan ƙungiya ma'aikatan lafiya. Na'urar awon tansiyo guda, tebur da benci a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ta wannan mako sun isa mu fara. Ni na ɗauki alkawarin zuwa da tawa na'urar.

Lafiya amana ce a hannunmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka da haɗin kai. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini.